Kifin Da Aka Auna Da Hanjinsa

Akwai wani Bature mutumin Girka da muke ciniki da shi. Ni ina tara masa riɗi a Dawanau, shi yana karɓar kwantena a tashar jiragen ruwa ta Pireyas. Yaran shagona sun kasa faɗin sunansa, sai suka laƙaba masa Baturen Riɗi, ni ma haka na ajiye lambarsa a waya. Mutanen ƙasarsu suna cin riɗi ci na tsakani da Allah. Su niƙa shi ya zama tahini, su yi halawa da shi, su barbaɗa shi a kan wani zagayayyen burodi da ake tallarsa a bakin titi da safe. Ya taɓa gaya min cewa kasuwar halawa tana tashi ne gab da babban azuminsu na kafin Ista, domin a lokacin masu riƙo da addini suna barin nama da madara da ƙwai, riɗi kuwa ba ruwan azumi da shi. Kun ji inda gumin manomin Jigawa ya haɗu da ibadar mutumin Girka.

Damina ta kankama, riɗi yana gona, sai ya ce in zo mu zauna ido da ido mu tsayar da farashin kaka. Na bi ta Alƙahira na sauka a Atina, babban birninsu. Ɗan ƙanwata da ke karatun likita a Hungari ya taso ya same ni don ya yi min tafinta, saboda Turancina na takardar kwantena ne, da an fita daga maganar tan da dala sai ya fara tari. Likita muke ce masa a gida tun bai gama aji ɗaya ba.

Baturen Riɗi ya aiko cewa zai kai mu cin kifi a Mikrolimano, ƙarfe tara da rabi. Na ce wa Likita ya sake tambaya, ko dai agogonsa ya lalace. Ashe haka suke. Da zafi rana ba ta faɗuwa a can sai wajen tara saura, su kuma ba sa zaman cin abinci sai gari ya yi sanyi. Ni kuwa tun azahar na hana cikina komai don in bar wa kifi fili, ga shi an ce sai lokacin da a gidana an riga an wanke tukwane an kife.

Direban tasin da ya ɗauke mu yana jin an ce Najeriya ya saki sitiyari ya ɗaga hannu biyu ya ce, "Yannis!" Wato Giannis Antetokounmpo, ɗan ƙwallon kwandon nan da iyayensa 'yan Najeriya suka haifa a Atina a 1994. Na gyaɗa kai kamar tare muka yi makarantar allo. Da muka zo wucewa ta filin wasa na Karaiskakis ya nuna min da haɓa, ya ce Rashidi Yekini ya buga wa Olympiakos a nan. Ana cikin haka wani mai babur ya shiga gabansa, sai kawai ya leƙa ta taga ya ware yatsu biyar ya watsa masa daƙuwa. Daƙuwa tamu sak, ba ragi ba ƙari. Likita ya ce ai su ma zagi ne babba a wurinsu. Nan take na ji garin ya kwanta min, na ce waɗannan mutane za mu fahimci juna.

Tun a otal na riga na ƙulla abin da zan yi. Gobe da safe za mu zauna kan farashi, kuma kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Idan na bari Baturen nan ya ciyar da ni, da wane baki zan ce masa ban sallama ba? Don haka ni zan biya. Ina da Yuro 300 da na canzo a Wapa, na naɗe su a aljihun 'yar ciki, kuma a lissafina ko tumaki uku za mu ci ba za su ƙare ba.

Mikrolimano wani ɗan lungun teku ne zagayayye a gindin tudun Kastela, cike da ƙananan jiragen masu kuɗi da kwale-kwalen masunta, gidajen abinci sun jeru a bakin ruwa. Wanda aka kai mu, teburansa da fararen mayafai, kowane mutum an jera masa cokula masu yatsu har uku da wata wuƙa mai fāɗi wadda ko tuwo ba za ta yanka ba. Aka miƙo mana jerin abinci. Na duba gefen kifi na ga an rubuta 90, da wasu ƙananan haruffan Girkanci a gabansa waɗanda ko da tabarau sai an yi da gaske. Na yi lissafi da Naira, zuciyata ta ɗan buga, amma na ce ba komai, kifin Yuro 90 ba zai kashe mutumin Dawanau ba. Na tashi da sunan zan wanke hannu, na ja babban mai hidimarsu gefe, wani dattijo mai furfura da baƙar kwat. Na nuna teburinmu, na buga ƙirjina, na yi masa alamar kuɗi da yatsu. Ya dafa nasa ƙirjin ya ɗan rusuna. Magana ta ƙare tsakanin manya.

A irin waɗannan wurare ba a zaɓar kifi daga takarda. Tashi ake yi a je gaban wani dogon teburi da aka shimfiɗe da ƙanƙara, kifaye suna kwance a jere, kowa ya nuna nasa. Baturen Riɗi ya shiga yi mana karatu. Ya ce a duba ido, in ya yi garau kifin na yau ne, in ya yi hazo a bar musu abinsu. Ya nuna wasu masu matsakaicin girma guda biyu, tsipura da lavraki, ya ce yawancinsu kiwata su ake yi a cikin keji a teku, kuma Girka na cikin manyan masu wannan kiwo a Turai, shi ya sa suke da sauƙin kuɗi. Ya nuna wasu 'yan jajaye masu gemu, barbuni, ya ce soya su ake yi. Sannan ya ce mu ɗauki tsipura biyu, sun ishe mu.

Ni kuwa idona yana can ƙarshen tebur. Wani ƙaton kifi ne kwance shi kaɗai, bakinsa a ɗan buɗe, da fiƙoƙi a gaba irin na kare. Yana kallona ina kallonsa, na ce a raina, kifi na ganinka mai jar koma. Tunda a takarda kifi 90 ne, wane mai hankali zai biya 90 ya ɗauki ƙarami alhali ga babba? Na miƙa yatsa.

Baturen Riɗi ya kalli kifin, ya kalle ni. Ya ce wannan sinagrida ne, ba na kiwo ba ne, masunta ne suka kamo shi, ko na tabbata? Likita ya matso kusa da kunnena ya ce, "Kawu, ina ganin fa wannan rubutun na gefe..." Na taka masa ƙafa. Yaro ba ya tsoma baki manya suna ciniki, ko da kuwa ya karanta hanjin mutum kaf. Aka ɗauki kifin aka shiga da shi ciki, jim kaɗan dattijon ya dawo ya sanar da murmushi cewa kilo uku da giram 200 ne. Na ce masha Allah, har na tafa kaɗan. Ai a Argungu ma haka ake yi, a ɗora babban kifi a sikeli a faɗi nauyinsa don jama'a su yaba.

Kafin kifi ya gasu sai aka fara shigo da ƙananan faranta, ana jerawa a tsakiya kowa yana ɗiba. Wannan ɗabi'a ta burge ni, don ba irin ta sauran Turawa ba ce da kowa zai rungume farantinsa. Burodi da man zaitun na cinye ba tambaya. Wani farin kwaɓi mai gishiri da aka yi da ƙwan kifi, taramosalata, shi ma ya wuce lafiya. Matsala ta fara ne da faranti na uku.

Hannu ne. Hannu guda, gasasshe, ya lanƙwashe a ƙarshe, jikinsa duk wasu 'yan zobba a jere tun daga sama har ƙasa. Baturen Riɗi ya ce htapodi ke nan, halittar teku mai hannuwa takwas, kuma a tsibiransu masunta kan yi ta maka ta da dutse don naman ya yi laushi, sannan a shanya ta a igiya a rana kafin a gasa. Likita, da ba wanda ya tambaye shi, ya ƙara da cewa zuciya uku gare ta. Na ɗauki hoto a ɓoye na tura wa Malamin unguwarmu ta WhatsApp. Atina tana gaban Kano da awa biyu a wannan lokaci na shekara, don haka ya idar da isha'i ke nan. Saƙon murya ya shigo, na kara a kunne: "Alhaji, a mazhabar Imamu Malik duk abin da ke rayuwa a teku halal ne, ba ya buƙatar yanka. Amma Alhaji, me ya yi zafi?"

Fatawa ta tare min hanyar gudu. Na yi bisimilla na yanki ƙarshen. Gaskiya ɗaya ce, abin nan yana da daɗi, ga ƙamshin gawayi ga tsamin ruwan khal, sai dai kada mutum ya kalle shi yana tauna.

Bayansa aka kawo wasu baƙaƙen ƙwallaye masu ƙaya, an fasa su ta sama, a ciki akwai wani abu ruwan goro mai laushi. Na sa cokali na kai baki, na ji kamar teku ne ya watso min a maƙogwaro. Ina ƙoƙarin haɗiyewa Likita ya sunkuyo ya gaya min ko wane sashe ne na jikin halittar, sashen da ba a ambatarsa a gaban surukai. Kuɗin makarantar yaron nan da hannuna a ciki, kuma abin da ya koyo ke nan. Sai wasu siraran yanka masu launin zuma, avgotaraho, ƙwan kifi ne da ake sa wa gishiri a busar a lulluɓe da kakin zuma, daga garin Mesolongi. Yanka shida ne a farantin, ana iya karanta jarida ta cikin kowanne.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne ganyen. An kawo shi a faranti mai kyau, an dafa, an zuba man zaitun an matsa lemon tsami, Baturen Riɗi yana ta yabonsa, wai vlita, abincin lokacin zafi. Na ɗanɗana, na juya shi da cokali, na ɗaga ganye ɗaya na haska da fitilar waya. Alayyafo ne. Wallahi alayyafo, wanda uwargida take karɓa gyara idan ta sayi tumatir. Ko ƙuli ba su sa ba.

Shi kuma mai masaukinmu ya sa aka kawo masa wata 'yar kwalba mai ruwa garau, ya tsiyaya a kofi, ya ƙara ruwan sanyi, abin ya rikiɗe ya koma fari tas a gaban idona. Na fara miƙa hannu in ga wannan abin al'ajabi, Likita ya riƙe min hannun riga ya ce, "Kawu, uzo ne, giya ce." A nan dai karatunsa ya yi rana. Na ja kujerata baya na nemi ruwan kwalba.

Sai ga kifi. Mutum biyu suka kawo shi, dattijon da kansa ya tsaya a gefen tebur ya buɗe shi da cokali da wuƙa, ya zare ƙayar tsakiya ɗungurungum ba tare da ta karye ba. Ba yaji, ba albasa, ba magi. Gishiri ne da wutar gawayi, sai man zaitun da aka kaɗa da lemon tsami ake zubawa a kai. Na so in raina, amma loma ta farko ta rufe min baki. Naman fari ne, yana ɓarewa sala-sala, da wani zaƙi nasa na kansa wanda da an sa yaji da ya ɓace. Na ajiye wuƙarsu da cokulansu uku na nannaɗe hannun riga. Baturen Riɗi ya yi dariya shi ma ya sa hannu, ya jawo kan kifin ya ƙwaƙule naman kumatu, ya ce nan ne wurin da masana suke fara kai hari. Mu uku muka yi iya yinmu, Likita har ya sassauta bel, amma ko rabi da kwata ba mu kai ba.

Wajen sha biyu saura na yi wa dattijon ido, na bi shi wurin biya, Likita yana biye da ni. Ya miƙo takarda. Yuro 431.

Na ce wa Likita ya gaya masa ya ba mu takardar wani tebur. Likita ya sa yatsa a layin farko: kilo 3.2 sau 90, ya kama 288. Ƙananan haruffan nan cewa suke yi kowane kilo. Sauran kuma ga su nan a jere, hannun mai zuciya uku 24, yanka shida 28, alayyafo 9. Har burodin da ban nema ba an rubuta, Yuro uku kowane kai.

To, tunda magana ta koma ta sikeli, ta zo gidana. Na gyara tsayuwa na ce Likita ya fassara kalma da kalma. Na tambaya, da aka auna kifin, an fede shi ko da kayan cikinsa? Dattijon ya ce da kayan cikinsa. Da ɓawonsa? Da ɓawonsa. Da ruwan ƙanƙarar da ke jikinsa? Ya yi shiru. Na ce to madalla. A duk inda ake ciniki da sikeli, ana cire nauyin buhu. Ni idan na kawo wa mutuminku riɗi, sai an tankaɗe ƙasa da tsakuwa da kara, an gwada danshi, abin da ya rage shi ake biya. Hanjin kifin nan ban gan shi ba, ban ci ba, ban san inda kuka kai shi ba. Kai da ƙaya da wutsiya su ma ba abinci ba ne, buhun kifin ne. A ƙiyasina na wanda ya san aiki, abin da ya hau faranti bai wuce kilo biyu ba, don haka a buga 180.

Likita yana fassarawa yana kallon takalminsa, kuma na lura jimlata mai tsawo tana komawa kalma uku a bakinsa. Dattijon ya saurara da ladabi har na gama. Sannan ya ɗaga haɓarsa sama, ya ɗaga gira, ya yi ɗan tsaki. Na ce alhamdulillahi, ya ɗaga kai yana lissafi. Likita ya ce, "Kawu, haka suke cewa a'a."

Har gobe ina nan kan bakana, hujjata ba ta da ɓaraka. Kawai dai an yi shari'ar a garin da alƙali da mai sikeli mutum ɗaya ne.

Abu ɗaya na ci nasara a kai. Na nuna layin uzo na ce wannan kam ko za a kira 'yan sanda kuɗina ba zai shiga ciki ba. Dattijon ya fahimta nan da nan, ya cire 14, ya ce zai karɓa wurin mai shan. Saura 417. Na zaro 300 ɗina daga 'yar ciki, sun jiƙe da gumi, na shimfiɗa. Na ba da katin bankina na gida, na'ura ta yi tunani mai tsawo ta tofar da shi. Na juya na kalli Likita. Ya ce, "Kawu, kuɗin hayar ɗakina ne fa." Na ce wa ya tura maka su? Ya zaro katin yana sauke numfashi. Kafin mu koma tebur ya ɗauki hoton rasit ɗin, wai don lissafi. Daga baya na gano lissafin a zauren WhatsApp na dangi ake yin sa, inda ƙanwata ta yi ta tambaya ko kifin da ya haɗiye Annabi Yunusa muka ci.

Na sa aka naɗe min duk abin da ya rage, har kai da ƙayar tsakiya da wutsiya, tunda an auna da su. Na tambayi hanjin ma, Likita ya ƙi fassarawa.

Baturen Riɗi da ya ji an riga an biya, sai ya tashi tsaye yana faɗa da dattijon da Girkanci, hannuwa suna tashi sama, wai an ci masa mutunci a garinsu, baƙo ya biya yana zaune. Na zauna ina murmushin manya, cikina yana ƙuna. Ana cikin haka aka kawo wani ɗan faranti, aka ce wannan kyautar gida ce, ba a biya. Halawar riɗi ce, yanka uku. Na ɗauki ɗaya na murza a yatsa na shinshina. Farin riɗi ne mai kyau, irin wanda nake lodawa. A duk daren nan abin da aka ba ni kyauta shi ne kayana.

Da safe muka hallara a ofishinsa kusa da tashar jiragen ruwa, na zauna da ƙarfin gwiwar wanda ba a ci da shi ba. Ya kawo kofi, ya buɗe fayil, ya yi magana mai tsawo yana murmushi. Likita ya yi jim kafin ya fassara.

"Kawu, ya ce jiya ya kasa barci yana tunani. Wai shi da aka haifa a garin nan sau ɗaya yake cin sinagrida irin wannan a shekara, ranar bikin sunansa. Mutumin da zai nuna mai kilo uku ko farashi bai tambaya ba, har ya tafa, to ribar da yake samu a kansa ta yi yawa. Yana so a rage dala 30 a kowane tan."

Muka yi ta ja har azahar. Na rantse, na kawo kuɗin mota daga Maigatari, na kawo kuɗin lebura da na tankaɗe da na hanyar Legas, shi kuwa duk inda na ɓullo sai ya ware hannuwansa biyu ya nuna tsawon kifin. Da ƙyar muka tsaya a 15.

Da muka sa hannu ya rungume ni, ya ce yau da dare kuma akwai wani wuri a gaba kaɗan da suke dafa taliya da wani ƙaton jatan lande mai sulke, shi ma a kan kilo, kuma tunda ya ga ba na son a biya min, ba zai sake yi min gardama ba. Na ce Likita ya gaya masa ina azumin nafila.

"Kawu, ai da dare ne."

Na taka masa ɗaya ƙafar.